Jinin da Ya Ƙi Daskarewa

Duk wanda ya taɓa cin tsire a bakin tashar Ƙauran Namoda ya san Ɗanbaba. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, dariyarsa kuwa daga tsallaken titi ake jin ta. In ya yanka maka nama sai ya ɗora maka kitse a kai, ko kana so ko ba ka so, sannan ya jefa wani yankin a bakinsa yana lumshe ido. Shekara da shekaru haka yake yi, ba wanda ya taɓa ce masa don me.

Sai fa Armiya'u wanzami. Shi kam yana da bakin magana, don taubasai ne: uwar Armiya'u ƙanwar uban Ɗanbaba ce. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba.

"Sarkin kitse, ka kwana da rai?" in ji Armiya'u kowace safiya.

"Na kwana, mashayin jinin mutane," in ji Ɗanbaba.

Amma lokacin da mutanen daji suka hana garin Dauran da ke ƙasar Zurmi noma da barci, Armiya'u ya baro garinsu daga shi sai zabirarsa, matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa sun warwatsu neman abinci, wannan sarkin kitsen ne ya share masa ɗakin zaure ya ce ya zauna har ya gaji da zama. Bai taɓa goranta masa ba, ko a cikin wasa. Armiya'u yana son mutumin nan so na gaske, ko da yake ko za a yanka shi ba zai furta ba.

A farkon bazara Ɗanbaba ya je Kasuwar Daji sayen raguna. Yana cikin ciniki ya dafe ƙirji ya durƙusa, gumi ya jiƙa shi sharkaf. 'Yan kabu-kabu suka tallabo shi zuwa Ƙaura, daga nan aka wuce da shi asibiti a Gusau. Ɗiyarsa ta fari, Asiya, malamar makaranta ce da ke aure a Shinkafi. Ita ta zo ta yi jinyarsa, ita ta riƙa shiga wurin likita da shi. Da aka sallamo su ta kawo shi gida da leda cike da magani, ta tsugunna a zaure tana yi wa Armiya'u bayani, uban yana kishingiɗe yana jin su.

"Baba Armiya'u, jininshi anka ɗiba anka auna," ta ce. "Akwai kitse mai yawa ciki, irin wanda ka liƙewa cikin jijiyoyin zuciya har hanya ta tsuke. Akwai alamar jijiyoyin sun kumbura daga ciki. Kuma akwai wani abu da zuciya ka zubarwa cikin jini in ta ji rauni, shi ma sun gan shi. Kafin ruwa ya sauka za mu koma a sake aunawa. In sun ragu, alhamdu lillahi. In ba su ragu ba, sai Sakkwato, a zura mashi waya ta jijiya har zuciya a buɗe hanyar."

Ɗanbaba ya tashi zaune. "Waya? Ni keke ne? Ni da nag gama tsufa ina soke nama da tsinke, yanzu ni za a soke?"

"Baba, ka sha maganinka dai, kada ka tsallake ko ɗaya. In ka bari hanyar nan ta toshe, babu sauran magana." Ta miƙe tana gyara mayafi, don motocin Shinkafi a tare suke tashi, kuma ba mai hankalin da ke bin hanyar nan bayan la'asar. Har ta kai ƙofa ta juyo. "Baba Armiya'u, don Allah ban da ƙaho. Ban da tsaga. Likita ya ja kunne ƙwarai."

Ta tafi ba ta faɗi dalili ba. Ba raini ba ne, sauri ne, amma Armiya'u raini ya ji. Yarinyar da shi ya yi wa askin suna, kanta bai fi ƙwallon goruba ba, ita ce yau take tsaye a kansa tana hana shi sana'ar da ya gada kaka da kakanni! Ya ce, "To, Malama," ya haɗiye sauran.

Ɗanbaba ya riƙa shan magani, yana cin tuwo da miyar da ba mai, yana tsaki. Ya daina dariya. In ya taka daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. Abin da ya fi cin ransa kuwa wayar nan ce ta Sakkwato. Ba mutuwa yake tsoro ba, in ji shi, a kwantar da shi a huda shi yana kallo, shi ne ba zai iya ba. Wata rana da hantsi, bayan masu aski sun watse daga gindin dalbejiyar ƙofar gida, ya matso kusa da Armiya'u ya yi ƙasa da murya.

"Taubashi, ina tambayarka. Ɗiyar taka ta ce mugun abin cikin jini ya ke, ko?"

"Haka tac ce."

"To mi ƙaho ka fiddawa?"

Armiya'u ya ci gaba da goge askarsa.

"Mugun jini ya ka fiddawa," in ji Ɗanbaba. "Kowace bazara kai ka yi man, ban taɓa faɗuwa kasuwa ba sai bana da ban yi ba. Ka tsotse shi ya fita. In munka koma sunka auna, su iske tsabtatacce, su bar ni da wayarsu."

"An hana."

"Wa ya hana? Yaron da bai taɓa riƙa ƙaho ba? Haba, Armiya'u. Ni ban taɓa roƙonka komi ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Kuma maganarsa ta yi daidai da abin da Armiya'u yake ji a ransa tun ranar da Asiya ta juyo daga ƙofa. Ya duba titi, ya duba ƙofar gida, ya jawo zabira.

Ya tona ɗan rami a ƙasa inda za a zuba jinin. Ɗanbaba ya tuɓe riga ya hau turmin da aka kife, ya ba shi baya. Armiya'u ya jiƙa ƙahonin da ruwa, ya kafa su a kafaɗu, ya tsotse iskar ta ɗan hujin da ke tsinin kowane, ya toshe da guntun jijiyar da yake taunawa. Da fatar ta tasa ya cire su, ya yi tsaga. Bahago ne, don haka tsagarsa gajera ce, a karkace take zuwa hagu; duk ƙasar Zurmi in an ga bayan mutum ana gane hannunsa. Ya mai da ƙahonin ya sake tsotsa, suka zauna jira, Ɗanbaba yana ba shi labarin wani Bafillace da ya taɓa sayar masa da rago mai tari.

Kowane wanzami ya san abin da zai gani in ya ɗaga ƙaho: jini baƙi, ya daskare ya yi guda, sai ka girgiza ya faɗa rami. Shi ake nuna wa mai ciwo a ce ka ga abin da ke damun ka. Armiya'u ya ɗaga na farko, sai jinin ya kwaranyo ta bayan Ɗanbaba har ƙugu, ja wur, tsararo kamar ruwan zoɓo. Ya ɗaga na biyu, haka. Ya share da auduga, tsagar ta sake kawowa. Ya danna, ya saki, ta kawo. Ya barbaɗa garin magani, jinin ya wanke shi.

"Kai, mi kake yi bayana tun ɗazu?" in ji Ɗanbaba.

"Zauna dai."

Armiya'u ya sake dannawa. Tun da ubansa ya miƙa masa aska bai taɓa ganin tsagar ƙaho ta ƙi tsayawa ba. Audugarsa ta ƙare, ya yage gefen rawaninsa ya danne da tafin hannu biyu, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Wayarsa tana aljihu, lambar Asiya tana ciki. Ya tuna da ita, wallahi ya tuna. Amma ya kira ta ya ce mata me? Ya ce abin da ta hana shi ya yi? Sai da aka kira azahar jinin ya haƙura ya tsaya.

Ɗanbaba ya juyo ya ga tsummokaran, ya leƙa ramin ya ga babu guda ko ɗaya, ƙasa ta shanye duka. Fuskarsa ta canza.

"Gaya man gaskiya. Mi kag gani?"

Da Armiya'u ya yi ƙarya a nan, da ya ce ba komai, zafi ne, da watakila labarin ya zama wani. Amma shi mutum ne da bai iya ƙarya a kan sana'arsa ba, kuma a tsorace yake.

"Jininka ya tsinke, taubashi. Ya zama ruwa. Jinin mai rai daskarewa ya kan yi. Wanga bai daskarewa."

"Bara haka ya ke?"

"Bara sai da nas sa tsinke naf fidda shi daga ƙaho don kauri."

Ɗanbaba ya sake leƙa ramin. Can ya ce, "To mi ya shiga jikina tsakanin bara da bana, in ba ƙwayoyin nan ba?"

Armiya'u ya juya maganar ta kowane gefe, bai ga inda ta karkace ba. Ya ce, "Ni dai ban san aikin asibiti ba. Amma jini na san shi."

Shi ke nan. Daga ranar, in Maryamu matar Ɗanbaba ta miƙo masa ƙwayoyi da kofin ruwa, sai ya karɓa ya ce a zaure zai sha, can akwai iska. A ɗakin Armiya'u akwai wani tsohon ƙaho da ya tsage, rataye a ƙusa bakinsa sama. Nan yake zuba su, ya shanye ruwan, ya mai da kofi. Asiya tana kira safe da yamma, Armiya'u yana zaune yana wasa aska yana jin su.

"Na sha, Malama. Yanzu nas sha. Ga Baba Armiya'u nan, shi ne shaida."

Armiya'u ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Sai ya ƙara sunkuyar da kai a kan dutsen washi. Abin yana damun sa, ba don yana shakkar abin da idonsa ya gani ba, sai don bai saba a jingina ƙarya da sunansa ba.

Abin haushin shi ne, Ɗanbaba ya ji sauƙi, ko kuma ya ga kamar ya ji. Jirin da ƙwayoyin suke sa shi ya bari. Ya koma bakin tasha yana zama kusa da tukuba yana ba da umarni, har yakan saci ɗan kitse ya jefa a baki. Ƙirjin yakan riƙe shi jefi-jefi, hannun hagu ya yi nauyi, sai ya ce iska ce ta tokare shi, ya nemi kanwa ya jiƙa. Da lokacin komawa Gusau ya matso, ya sake hawa turmin nan a gindin dalbejiya ya ce a duba a gani.

Armiya'u ya kafa ƙaho gabansa yana faɗuwa. Da ya ɗaga, sai ga shi: baƙi ƙirin, ya daskare, ya ɗauki siffar cikin ƙahon. Tsagar kuwa kafin ya kai auduga ta bushe. Ya sa tsinke ya ɗago gudan yana reto, ya zagayo da shi gaban Ɗanbaba.

"Sarkin kitse, ga jininka ya dawo gida!"

Ɗanbaba ya yi dariyar nan tasa ta da, har mai shayi na tsallake ya ɗago kai. "Allah ya yi maka albarka, mashayin jini! Kai ne likitana." Suka binne gudan a ramin, Ɗanbaba da kansa ya tattake wurin da ƙafa. Armiya'u bai taɓa jin daɗin aikin hannunsa kamar ranar ba. Har ya ce shi ma zai bi su Gusau, yana so ya ji da kunnensa lokacin da likita zai ce jini ya yi kyau.

Asiya ta iso daga Shinkafi, washegari da sassafe suka kama hanya su uku. An ɗebi jinin Ɗanbaba a 'yan kwalabe, suka zauna a benci suna jira har rana ta take. Ɗanbaba ya yi ta hamma yana murza kafaɗar hagu, gumi yana tsattsafo masa duk da fankar da ke kansu. Da aka kira su Armiya'u ya bi su ciki, ya tsaya daga bakin ƙofa riƙe da hular Ɗanbaba.

Likitan matashi ne, mai sanyin magana. Ya daɗe yana duban sakamakon, sannan ya dubi Ɗanbaba.

"Baba, kana shan maganinka kuwa?"

"Ƙwarai."

"To abin da na gani bai nuna haka ba. Kitsen bai sauka ba, alamar kumburin ta ƙaru. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na zuciyar. Ya hau sosai. Yanzu haka da muke magana zuciyarka tana jin rauni. Cire rigarka in saurara."

Ɗanbaba ya yi jinkiri, amma ba yadda zai yi. Likita ya zagaya bayansa da abin sauraren ƙirji, sai ya tsaya cak. Asiya ta taso ta leƙa. Sahu biyu na tsaga a kafaɗun ubanta: na farko sun yi tabo mai faɗi da shacin kwanciyar jini, na biyun sabbi ne, sun bushe tsaf.

"An yi maka ƙaho," in ji likita. Bai ɗaga murya ba. "Jinin ya yi wuyar tsayawa, ko?"

"Na farko ya zuba kamar ruwa," in ji Ɗanbaba, ya ga dai ɓoyo ya ƙare. "Shi ya sa nab bar ƙwayoyinku. Sun tsinka man jini. Da nab bari ya dawo daidai, ya yi guda."

Likita ya koma kujerarsa ya zauna a hankali. "Baba, ai aikin ƙaramar ƙwayar ke nan. Da gangan muke so jinin ya tsinke. Hanyar da ke kai wa zuciyarka jini ta tsuke, in jinin ya yi guda a wurin sai ya toshe ta. Shi ya sa muka ce ban da ƙaho, don mun san ba zai tsaya da wuri ba. Kuma abubuwan nan da muke aunawa ba su ne ciwon ba. Labarin ciwon ne jini yake kawo mana. Ko an kwashe rabin jininka an zubar, ciwon yana nan a jikin jijiya."

Armiya'u ya ji kowace kalma, Hausa ce tsantsa, ba inda zai ce bai gane ba. Gudan nan da ya ɗago da tsinke yana reto, yana murna, shi ya tsaya masa a ido. Ya jingina da bango.

"Baba, wa ya yi maka?" in ji Asiya.

"Wani ne ɗan Nijar, mai wucewa, can Kasuwar Daji," in ji Ɗanbaba, bai ko dubi ƙofa ba. "Ban san sunanshi ba."

Asiya ta sake duban tsagar. Gajeru, a karkace zuwa hagu. Tun tana rarrafe take ganin irinsu a bayan ubanta kowace bazara. Ta taimaka masa ya mai da riga.

Aka ba shi gado nan take, aka ɗaura masa ruwa, aka yi allurai, aka ce gobe da safe mota za ta kai shi Sakkwato. Wannan karon bai yi gardamar waya ba. Da gari ya waye Asiya ta fita neman direba, Armiya'u ya rage shi kaɗai a gefen gado, hular tana hannunsa har yanzu.

"Mashayin jini," in ji Ɗanbaba, numfashinsa yana yankewa, "ka bar ɓata fuska, kana ƙara muni."

"Taubashi, ni na..."

"Ni na roƙe ka. Ni na zuba ƙwayoyin cikin ƙaho da hannuna. Kada ka gaya ma ɗiyar taka komi." Ya lumshe ido. "Riƙe man hulata, in na dawo ka ba ni."

Motar ba ta kai ga ɗaukar sa ba. Da hantsi, Asiya ta dawo ke nan, ya dafe ƙirji kamar yadda ya yi a Kasuwar Daji, ma'aikata suka rugo suka fitar da Armiya'u waje. Yana tsaye a baranda ya ji salatin Asiya.

A Ƙaura aka yi masa sutura. Da aka zo wanka aka ce wa ya fi kusa da shi a maza, kowa ya dubi Armiya'u. Ya shiga. Ya zuba ruwa a dama, ya zuba a hagu, aka taimaka masa suka juya gawar, sai ga aikin hannunsa a kafaɗu. Ya wanke tsagar a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsoron kada su yi zafi. Na biyun sun warke da kyau ƙwarai. Limamin da ke zuba masa ruwa ya ce, "Yi haƙuri, Malam Armiya'u, bai kamata hawaye su zuba a kan mamaci ba." Ya goge fuska da kafaɗa ya ci gaba.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya, don nan ne inuwa. Aka zaunar da Armiya'u a tsakiya, shi ke karɓar gaisuwa. Ya san daidai inda yake zaune, ya san abin da ke binne a ƙarƙashin tabarmar. Mahauta suka zo, 'yan tasha suka zo, Fulanin da ke sayar wa marigayi da dabbobi suka zo daga rugagensu. Kowa ya durƙusa sai ya ce masa, "Ka yi ƙoƙari, Malam Armiya'u. Kai ka riƙe shi har ƙarshe. Allah ya bar zumunci." Yana cewa amin. Kowace amin sai ta ƙone shi kafin ta fita.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka tafi sallar la'asar, ya shiga ɗakinsa ya sauko da tsohon ƙahon daga ƙusa. Ya cika da ƙwayoyi har kusan baki: farare, jajaye, da 'yan ƙananan nan. Yana zaune da shi a hannu ya ji sallama. Asiya ce a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura. Ta tsugunna kamar yadda ta saba, ta gaishe shi, ta yi masa ya haƙuri. Sannan idonta ya sauka a kan abin da ke hannunsa.

Marigayi ya ce kada ya faɗa, bai kuwa faɗa ba. Miƙa mata ƙahon kawai ya yi. Ta karɓa, ta zazzage kaɗan a tafin hannunta, ta tsince wata 'yar ƙarama ta daɗe tana kallon ta.

"Na gane hannunka tun asibiti," ta ce. "Ba don ƙahon naz zo ba, Baba. Na san shi ya matsa maka, na san halinshi. Ni ma da laifina, da ban faɗi dalili ba. Abu guda nike so in ji." Ta ɗago kai ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba tun tasowarta. "Ranar da kag ga jinin ya ƙi tsayawa, kag ga abin da ba ka taɓa gani ba, lambata na cikin wayarka. Kullum ina kira, kana zaune. Da ka kira, magana guda zan gaya maka, in ce haka aka so jinin ya yi. Mi ya hana ka kira ni?"

Armiya'u ya nemi wata amsa mai nauyi, wadda za ta kai girman abin da ya faru. Ya duba ko'ina a zuciyarsa, babu. Wadda ke akwai 'yar ƙarama ce, kuma ita ce gaskiya.

"Kunyarki naj ji," ya ce. "Kin hana ni, na yi. Naj ji kunya in gaya ma ɗiyar da na yi ma askin suna."

Asiya ta gyaɗa kai a hankali. "Kunyata kaj ji," ta ce.

Ta mai da ƙwayoyin cikin ƙahon, ta ajiye shi a gabansa, ta miƙe. Daga bakin ƙofa, ba tare da ta juyo ba, ta ce Inna ta ce a gaya masa ɗakin nan nasa ne, haka marigayi ya bar wasiyya tun tuni, kuma za a ci gaba da fito masa da tuwo kamar kullum. Ta shiga gida.

Can an jima Maryamu ta turo kwanon tuwo ta ƙofar zaure, ita tana daga ciki, tana takaba. Armiya'u ya jawo kwanon ya ajiye kusa da hular Ɗanbaba. A waje masu gaisuwa sun fara dawowa daga masallaci, wani yana tambaya ina Malam Armiya'u, a zo a yi addu'a. Ya tashi ya fita, ya koma ya zauna a wurinsa a kan tabarma, ya ɗaga hannuwa tare da jama'a.